Ranar da na gudu da ɗana saboda kwamfuta

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun casa'in, muna zaune a Kafanchan, ɗana na fari yana goye. Maigidana yana aiki a wani shagon buga takardu kusa da tashar jirgin ƙasa. Shi ne mai kula da kwamfutocin shagon, guda biyu, tsofaffi.

Wata rana ya dawo daga Jos da faifai a aljihu, yana ta murna. Ya ce wani kamfani na ƙasar waje mai yin kayan aikin masu rubuta wa kwamfuta umarni ne ya raba shi kyauta. Wai akwai ƙungiya, mutane a ƙasashe daban-daban, ba su taɓa ganin juna ba, suna haɗa hannu suna gina abin, kowa yana iya buɗe cikinsa ya gyara. Shi ma ya shiga.

Na ce, "Kyauta? To me suke so a wurinka?"

Ya ce, "Ba su tilasta kowa. Amma in ka amfana, ya kamata kai ma ka mayar da wani abu."

"Kamar me?"

"Abin da kake da shi mana."

Ni a aji huɗu na firamare na tsaya, amma ina da kunne. A lokacin babu makon da ba a yi mana gargaɗi a zumuntar mata kan ƙungiyoyin asiri ba: su fara ba ka kyauta, daga baya su nemi na jikinka. Mu kuwa ba mu da gona, ba mu da mota. Abin da muke da shi yana bayana yana barci. Sai na sa ido. Na lura duk lokacin da ya je Jos aika musu saƙo, da fara'a yake dawowa, yana cewa "mutanenmu". A jikin faifan kuma ga hoton wani tsuntsu mai tumbi, tsaye kamar mutum.

Ran nan na kai masa abincin rana. Ya ba ni baya, shi da abokinsa sun duƙufa a kan gilashin kwamfuta, baƙi ƙirin da fararen rubutu. Sai na ji da bakinsa ya ce, "Ba yadda za a yi, sai na yi kill ɗin child ɗin nan tukuna." Na leƙa. Turancina bai kai ko'ina ba, amma waɗannan kalmomi biyu na san su, "kashe" da "yaro", ga su kuma a rubuce.

Na ajiye kwanon a bakin ƙofa. Ko gida ban koma ba, da silifas ɗin wanka na shiga motar Manchok, garin mahaifiyata, yaron a bayana.

Mahaifiyata ta saurare ni har ƙarshe, ta karɓi yaron, ta sa sakata. Da yamma sai ga maigidana a kan mashin ɗin aro, duk ya firgice. Ta tare shi a ƙofa da muciya a hannu.

"Wane yaro za ka kashe?"

"Mama, wane irin yaro kuma?"

Da na maimaita abin da na ji, ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Ya so ya yi dariya, ya kalli muciyar, ya fasa. Ya ce a cikin kwamfuta, in wani aiki ya buɗe ƙaramin aiki, ana kiran ƙaramin ɗansa. In ya maƙale, sai a tsayar da shi, wannan ne kashewar.

Mama ta ce, "Su waɗannan mutanen naka ba su da 'ya'ya ne? Duk kalmomin duniya sun rasa sai wannan?"

Ban yarda na bi shi ba sai da ya yi alkawari zai nuna mini. Washegari a shago, yaron na hannun Mama a waje, ya buɗe aikin, ya tsayar, ya sake buɗewa. Ba abin da ya faru. Na ce duk da haka ba na son kalmar. Ya ce ai amfanin abin ke nan, ba sai ya nemi izinin kowa ba. A gabana ya yi ɗan rubutu, ya ce in duba. Maimakon waccan kalma, yanzu "kwanta" yake rubutawa, aikin ya tsaya. Daga baya ya ba ƙungiyar labari, wani daga cikinsu ya aiko cewa a ba ni haƙuri.

Har yau ban ga laifina sosai ba. Abin da ban gane ba, in ya shafi ɗana, gara a yi mini dariya. Na dai koyi tambaya kafin in shiga mota.

Yaron nan yanzu irin aikin ubansa yake yi, har da su ƙungiyar. In ya zo gida da kwamfutarsa ta maƙale, sai ya ɗaga murya don in ji daga kicin: "Mama, zan kwantar da yaro!"

Ni kuma in ce, "A hankali dai."