Wanzamin Kademi da Injin Wankin Jini

Baba Gwadabe, ƙanin mahaifina, wanzami ne a Kademi. Ba ya fashin kasuwar Ajingi. Zai shimfiɗa buzu a gindin ɗorawa, ya kafa wa manoman gyaɗa ƙaho, ya juye gudajin jini a ƙasa ya ce ciwo ya fita. A wajensa duk jinin da ya daskare matacce ne, shi ke nan.

A shekarar alif ɗari tara da saba'in da bakwai muka tafi Hajji tare, lokacin ina koyarwa a Gaya. Bayan Arfa zafi da gudawa suka kayar da shi, fitsari ya ɗauke, ƙafafu suka kumbura. Maimakon a kira ni, sai ya sa abokinsa Maiwada ya tsattsaga masa baya ya kafa kofin shayi a madadin ƙaho. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Dattawa biyu da gemu!

A wani asibiti a Jidda likita ya ce ƙodarsa ta tsaya, sai an wanke jinin da inji. Tunda nake ban taɓa ganin irin wannan ba. Jinin mutum ya fito ta roba, ya bi cikin wata leda marar kauri da aka naɗe kamar tabarma, dattin ya tsattsafo ta jikinta, jinin ya koma wa mai shi da ɗuminsa. Likita ya ce da zarar jini ya taɓa ledar nan daskarewa yake, sai da maganin tsinka shi. Amma da ya ga ɗanyar tsaga a bayan Baba ya rage maganin, kada jini ya ɓalle. Ba a yi nisa ba ledar ta yi baƙi ta toshe.

Baba ya washe baki. "Alhamdulillahi! Hansai, kin ga mataccen ya fito?"

"Wane matacce, Baba? Lafiyayyen jininka ne ya tafi a banza. In ta sake toshewa ba ka da na bayarwa."

Ya daɗe yana kallon injin. "To ce wa yaron nan ya sa maganinsa. Ke kuma danne min tsagar, ai 'yar gidan wanzamai ce ke."

Aka sauya leda. Na danne da auduga har hannuna ya sage, ina kallon jini na zagayawa jajir bai tsaya ba. Aka yi ta wankin har fitsari ya dawo. Da ƙafarsa ya hau jirgi.

Ya ci gaba da wanzancinsa har ya rasu. Amma mai kumburin ƙafa in ya zo, ko aska ba ya zarowa, da kansa yake raka shi tashar motar Kano ya tafi asibiti.