Malam Tukuna da Katin Hoto na Biyu

In ka tambayi masu shaguna a layin nan wane ne Malam Tukuna, amsa uku za ka samu. Mai gyaran waya zai ce maka mutum ne da bai san sauri ba, ko gobara ta tashi sai ya gama karanta takarda kafin ya fito. Matar da ke fotokofi kusa da shi za ta ce shekara ashirin da biyu suna bango ɗaya, ba ta taɓa jin muryarsa ta ratso bangon ba. Tela kuwa cewa yake, "Wannan? Ka kai masa kwamfuta, ita ta dawo da lafiya, kai ka dawo da furfura." Sunan ma a bakin Malam ɗin aka tsinto shi, don duk abin da ka ce a yi yanzu, sai ya ce, "Tukuna."

Kowace safiya shi ke fara buɗe shago. Ya share, ya goge baƙin teburinsa, ya jera sukudireba daga babba zuwa ƙarami, sannan ya ajiye tocila da guntun alli a hannun dama. Ba ya ƙara wa kwamfuta komai sai ya buɗe gefenta, ya haska akwatin wutar da ke ciki, wanda ke rarraba wa kowane sashe abincinsa, ya karanta abin da aka rubuta a jikinsa, ya yi lissafi da alli a kan teburin nan. Wata malamar makaranta ta taɓa kawo tata tana cewa ta mutu, ya hure ƙurar da ta toshe fanka, ya ce ta ɗauki abinta ta tafi. Ni ma da na shiga aji da girma, a shagonsa na fara taɓa kwamfuta, kuma bai taɓa yi wa yatsuna dariya ba.

Amma labarin da ya sa na ɗauki alƙalami na ƙanena ne, kuma da izininsa nake faɗa.

Ƙanena mai zanen gidaje ne. Shekara shida da suka wuce wani kamfani ya ba shi kwana huɗu ya kawo hotunan wani gini kamar an riga an gina shi, alhali kwamfutarsa sai ta ci rabin yini kafin ta haɗa hoto ɗaya. Abokansa suka ce ya ƙara katin hoto na biyu, wato allon nan da ke ba kwamfuta ƙarfin zana hoto. Ya sayo, ya rungumo kwamfutar zuwa shagon Malam da rana tsaka, lokacin da layin ya cika.

"Baba, sa mini wannan kusa da ɗan'uwansa. Minti goma na ba ka."

"Tukuna, Injiniya."

Ya buɗe, ya haska, ya ɗauki alli. Ƙanena na tsaye yana kaɗa mukulli.

"Ƙarfin akwatin wutarka wat ɗari biyar ne," in ji Malam. "Katin da ke ciki, in aiki ya yi zafi, yana shan ɗari biyu da ashirin. Sabon ma haka. Ƙwaƙwalwar kwamfutar da fankoki da ma'ajiya, ba su ɗari da hamsin. Kai ne mai boko, nawa ke nan?"

"Ai ba tare suke sha ba."

"Ranar da ka fi buƙatarsu, ranar suke sha tare. Kuma ba a cika wa akwatin wuta ciki, sai an bar masa wurin numfashi. Ga wani abu: kowane kati yana son wayarsa mai rami takwas, naka akwatin guda ɗaya ya fitar. Gurbin sa kati na biyu akwai, amma a matse yake, na sama zai riƙa shaƙar zafin na ƙasa, sai an ƙara fanka. Ka tabbata ma manhajar zanen taka tana aiki da kati biyu?"

"Tana yi."

"To madalla, wannan ya rage mana ɗaya. Sai akwati mai ɗari takwas da hamsin. Ba ni da shi a nan, jibi zai iso."

Jibi a kunnen mai kwana huɗu ba magana ba ce. Ƙanena ya sungumi kayansa, da ya kai bakin ƙofa ya juyo, ya ɗaga murya yadda tela ya tsayar da kekensa.

"Na kawo maka aiki ɗaya ka ƙirƙiro uku don ka sayar mini da kaya. Ashe duk tukunan nan cuta ce."

Malam ya juya ga teburinsa. Ya sa tsumma ya goge allin.

Mai gyara ba shi da jari sama da yarda. Kana ba shi abin da ba ka san cikinsa ba, ya ce maka kaza ne ya lalace, ka ce to. Kalmar nan ta ƙanena ta zauna a layin. Wasu suka fara cewa bari su ji ta bakin wani tukuna. Mai gyaran waya ya mayar da ita wasa, duk safiya sai ya leƙo ya ce, "Malam, yau me za a ƙirƙiro?" Ana dariya, shi ma Malam yana murmushi, amma mai fotokofi ta ce ta lura ya daina zama a benci tare da su.

Ƙanena kuwa ya sayo wata waya mai reshe biyu, wadda ke raba baki ɗaya ya ciyar da kati biyu, ya haɗa da hannunsa. Kwamfuta ta tashi lafiya lau. Har ya kira ni yana cewa, "Yaya, zo ki ga abin da tsohon naki ya ce ba zai yiwu ba." Ya sa ta haɗa hoton farko. Minti ashirin ba su cika ba fankoki suka ɗauki kuka, allo ya yi baƙi, ɗaki ya game da ƙaurin roba. Duk zanen yana ciki, kuma kwana biyu suka rage.

Ranar da ya koma, da sassafe ya je, kafin kowa ya buɗe shago. Ya tarar da Malam yana shara. Bai iya haɗa ido da shi ba.

"Ajiye a nan, Injiniya. Ka karya kuwa?"

Malam ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Sabon akwatin wuta ne. Tun ranar da aka zage shi ya aika a kawo. Ya ciro tsohon, bakin wayar ya narke ya manne, ya ɗora wa ƙanena a tafin hannu.

"Ji nauyinsa. Kamar ba komai a ciki, ko? Ɗari biyar ɗin ma a takarda ne kawai. Allah ya taimake ka shi ya mutu bai tafi da kowa ba."

Ya ba kowane kati wayarsa, ya ƙara fanka, ya bar kwamfutar tana aiki mai nauyi awa guda yana sauraronta kafin ya ce a ɗauka. Ƙanena ya kai hotunansa a kan lokaci, kamfanin har yau shi yake ba aiki. Abin da ya iya ce wa Malam a ranar gyaran shi ne "Na gode," can ƙasan maƙoshi, ya fice kafin tela ya iso. Zagi a gaban jama'a, komawa a ɓoye. Daga nan ya daina bi ta layin, in wani abu ya lalace sai ya aiko matarsa ko ni.

Malam, kai ne wanda aka ɓata wa suna, kana riƙe da abin da zai wanke ka, ka ƙi fitar da shi. Kalma ɗaya ta isa. Ka ce ya dawo, ka nuna narkakkiyar wayar nan, da layin gaba ɗaya ya koma yi wa ƙanena dariya. Shekara shida ko maƙwabciyarka ba ka gaya wa ba. Mai alli da tocila, mun gode. Mun gode da tukunan da ta tsare mana kayanmu ba mu sani ba. Masu tasowa a wannan sana'a, ku koyi karanta jikin akwati kafin ku ɗauki sukudireba, ku koyi cewa a'a ga mai gaggawa ko da zai tafi yana zaginku.

Makon jiya Malam ya rufe shago. Idanunsa sun daina ganin ƙananan rubutu ko da tocila, ya ce ba zai yi aiki da zato ba. Da yamma maƙwabta suka taru suna taya shi ɗaure kaya. Sai ga ƙanena ya shigo layin, ba wanda ya aike shi.

"A'a, Mai Zane," in ji mai fotokofi, "ka zo ƙarasa zagin ne kafin a kulle?"

"Ƙyale shi, ɗana ne," in ji Malam. "Shigo daga ciki, Injiniya."

Bai shiga ba. Ya tsaya a waje inda kowa zai ji, ya cire hularsa.

"Jama'a, ranar da na ce Baba macuci ne, ƙarya na yi. Duk abin da ya faɗa sai da ya faru. Na ƙona akwatin wutata da hannuna, na lallaɓo da sassafe ya gyara mini, ya rufa mini asiri, ni kuma na bar shi da kunyar da ba tasa ba. Baba, na cuce ka. Ka yafe mini."