Sandar Ludon Baba Siki

Baba Siki mai walda ne. Shekara talatin da ɗoriya yana haɗa ƙofofi da tagogin ƙarfe a wani shago mai rufin kwano a bakin titi, amma in ka tambayi mutanen layin, da ludo suka san shi. Sunan ma a nan ya samo shi, don in ya girgiza gwangwani zai kifa ƙwaya, sai ya daka tsawa yana kiran siki, wato shida, har masu wucewa su waiwayo. Gajere ne kakkaura, idanu kullum jajir saboda hasken wuta, hannaye duk tabon ƙuna. In ya yi dariya ana jin sa a ƙarshen layi, in ya fusata kuwa, gara ka kwashi takalmanka tun da wuri.

Ludonsa yana da doka ɗaya da ba a yin ta a ko'ina. Duk wanda aka ci wa ɗan ludo a allo, sai ya shimfiɗa bayan hannunsa a tsula masa sandar walda, siririn ƙarfen nan da ake liƙi da shi. Shi ya ƙirƙiro ta, wai don mutum ya san zafin sakaci. A faɗi gaskiya, in shi aka ci yakan miƙa nasa hannun ba gardama, sai dai fatarsa ta daɗe da mutuwa, ko a jikinsa. Mai faci da mai gyaran babur da ke zama da shi da rana sun saba, suna sha suna zagi suna dariya. Wani tela ne ya taɓa cewa wannan ba wasa ba ne, mugunta ce. Baba Siki ya kifa masa allon a ka, gilashin allon ya tarwatse, aka yi wa bawan Allah ɗinki huɗu a goshi. Tela bai sake bi ta layin ba.

Da wannan dokar ya koya wa ɗansa na fari wasan, tun yaron bai iya ƙirga gidajen allo ba. Uwar ta yi magana har bakinta ya gaji. Da ɗan ya zama saurayi sai ya samo wata tsohuwar na'urar gem ya jona da talabijin ɗin falo, yana buga ƙwallo da dambe da tseren mota, ya daina zuwa zaman ludo kwata-kwata. Abin da ya ci wa uban rai ke nan. Wata Asabar da hantsi ya aika a kira shi wasa sau biyu bai zo ba, sai ya shigo gida da guduma a hannu. Saurayin ya kifa tafinsa a kan na'urar don ya kare ta. Gudumar ba ta tsaya ba. Yatsu biyu suka karye, na tsakiya da na kusa da shi. Daga asibiti bai dawo gida ba, ya wuce wurin kawunsa, daga can kuma ya kama gabansa.

Shekara bakwai ke nan. Ɗan ya zama direban tasi, ya yi aure, an haifa masa 'ya mace, yanzu shekararta uku. Baba Siki bai taɓa ganin jikar nan ido da ido ba. A wayar matarsa yake kallonta a sace in ta shiga wanka, yana jan hoton da ƙaton yatsansa yana ƙara masa girma. Yana son yarinyar nan har cikin ƙashinsa, yana son ya ɗora ta a cinya ko sau ɗaya kafin ya mutu, amma a yanka shi ba zai faɗa wa kowa ba.

Kawun nan, ƙanin matarsa, mai aski ne, kuma yana da wani shirin hira da yake ɗorawa a intanet, irin wanda ake ce wa fodkas. Jingina waya yake yi a jikin madubi, duk wanda ke kan kujera ya faɗi abin da ke bakinsa. Baba Siki ya sha cewa wannan aikin marasa aiki ne, rediyon da ba labarai ba waƙa sai surutu. To amma ranar da ya je gyaran gemu, hirar wasanni ake yi. Wani malamin makaranta da ke jiran layi ya ce gem yana wasa ƙwaƙwalwa, ludo kuwa sa'a ce kawai, ko jariri ya jefa zai iya ci. Ai sai Baba Siki ya ture hannun mai aski ya miƙe zaune, kumfa shaɓe-shaɓe a haɓa.

"Gem ɗin nan shi ke koya wa yara mugunta," in ji shi. "Yaro ya wuni yana naushin mutum a talabijin, me kake so ya zama? Ludo haƙuri yake koyarwa. Ni da shi na yi tarbiyyar nawa."

Mai aski ya dube shi ta madubi, ya ƙarasa gyaran gemun. Da yamma ya ɗora hirar yadda take, ko kalma bai cire ba.

Kwana uku bayan nan mai aski ya zo shagon walda da saƙo. Ya ce ɗan ya ji hirar yana tuƙi, ya yi dariya har sai da ya faka a gefen titi, daga baya dariyar ta koma wani abu dabam. Ya ce a faɗa wa Baba zai zo ran Lahadi su buga wasa ɗaya. Ba sanda, ba duka. In aka tashi lafiya, zai kawo yarinyar ta ga kakanta.

"Yaya, don girman Allah," in ji mai aski, "wannan karon ka riƙe hannunka."

Baba Siki ya ce shi ba yaro ba ne da za a yi masa wa'azi, amma kwana biyu ya yi yana shiri. Ya share shagon da bai ga tsintsiya ba tun bara. Ya tattara sandunan walda kaf ya ɗaure ya jefa can cikin akwati ya kulle. Ran Lahadi ya sa riga wankakkiya, ya goge allon da gefen hannun rigar, ya zauna jira tun hantsi. Can sai ga wani da karyayyen ƙarfen babur yana roƙo a taimaka. Ya buɗe akwati ya zaro sanda ɗaya ya liƙe masa, ragowar guntun ya ajiye a kan benci kusa da cinyarsa, inda ya saba ajiyewa shekara da shekaru.

Ɗan ya iso da rana tsaka, a ƙafa ya tsallako titi. Ya fi uban tsawo yanzu, ga gemu, ga faɗin ƙirji. Ya rusuna ya gaishe shi yadda ya kamata, ya zauna. Da ya ɗauki gwangwanin ne Baba Siki ya ga yatsun a karon farko, a karkace, ba sa lanƙwasuwa, sai da sauran ukun yake riƙewa. Ya buɗe baki zai ce a yafe masa, abin da ya fito sai tambayar ko man fetur ya yi sauƙi a wajensu.

Aka fara wasa, mai faci da mai gyaran babur suna tsaye suna kallo. Ɗan ya ci masa ɗa ɗaya, hannun Baba Siki ya miƙa kansa a kan allo, ɗan ya ce a hankali ya bar shi. Ya sake ci masa na biyu. Baba Siki ya daure, gumi na tsattsafo masa, har ya yi murmushi. Mai faci ya fara zolaya wai tsoho ya shiryu. Wallahi an kusa tashi lafiya, saura kaɗan.

Sai ƙwaya ta ba Baba Siki siki, ta sake ba shi siki, ta ba shi uku, ya dira daidai kan ɗan ludon abokin wasansa da ya rage taku biyu ya shige gida. Daɗi ya kwashe shi. Ya kurma ihu, kuma kafin hankalinsa ya iso, hannunsa ya riga ya kai benci ya dawo. Tsul! A kan karkatattun yatsun nan, da ke ajiye a gefen tebur.

Teburin ne ya fara tashi sama. Ɗan ya shaƙo wuyan rigar uban ya ɗaga shi ya maka da jerin ƙofofin da ke jingine, suka zube da ƙara har maƙwabta suka fito. Ya kai masa naushi a baki, ya ƙara, haƙori ya fita. Mai faci ya riƙo shi ta baya, ɗan ya watsar da shi cikin tarkacen ƙarfe. Ya danne uban a ƙasa da gwiwa, hannu a maƙogwaro, yana huci yana hawaye, Baba Siki kuwa, wanda bai taɓa barin duka ya wuce bai rama ba, ko yatsa bai ɗaga ba. Can ɗan ya sake shi ya miƙe.

"Ai na zo da ita, Baba," ya ce. "Tun ɗazu tana cikin mota."

Tasin tana tsallaken titi a ƙarƙashin inuwa, gilashi a buɗe. Yarinyar na tsaye a kan kujerar baya cikin sabuwar riga, an yi mata ado, tana tsala kuka, don komai a kan idonta aka yi. Baba Siki ya rarrafa ya miƙe, ya fito titi ba takalmi, jini na bin gemunsa yana ɗiga a riga. Babur ya kusa kwashe shi bai ma gani ba. Ya miƙa mata hannu biyu yana cewa ta zo, ta zo, shi ne kakanta.

Yarinyar ta dube shi sau ɗaya, ta ƙwalla ƙara ta cusa fuskarta a ƙirjin uwarta. Uwar ta ɗaga gilashi. Ɗan ya shiga ya tada mota da hannu ɗaya, ɗayan yana cinyarsa ya fara kumbura, suka hau titi suka tafi.