Yadda Yagana Ta Shiga Kogi

A gidanmu na Rijiyar Lemo, da an idar da magariba an sauke tukunyar burabusko, ba a kashe murhu. Kakata Iya Falmata takan jawo tabarmarta kusa da garwashin, ta zuba gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta. A bakin kogi aka haife ta can Yobe, don haka rabin tatsuniyoyinta a ruwa suke.

"Ku matso, ga wata nan tafe," in ji ta.

"Ta iso, muna jira!"

Wadda na fi so ita ce ta wani mai fito da ya tsufa, yana da kwalekwale ɗaya da 'ya'ya uku. Ya tsayar da su a kan gaɓa ya ce wanda ya riga taɓa tsallaken, kwalekwalen nasa ne. Babban ya daka tsalle sama don 'yan mata su gani, ya faɗo da ka, ya wuce har ƙasan kogi. Kafin ya taso, tafiya ta yi nisa. Na biyun yana tsoron zurfi, sai ya faɗa da ciki, ruwa ya mare shi, numfashinsa ya ɗauke. Iya takan tafa hannu a nan, mu fashe da dariya.

Sai autarsu Yagana. Ta ɗora tafi a kan tafi, ta sa kanta tsakanin damatsanta, ta miƙe gaba. Inda yatsunta suka huda ruwan, nan kanta ya bi, nan ƙafafunta suka bi. Ta sulale a ƙarƙashi, ta ɓullo a tsakiyar kogi, ta riga su taɓa tsallaken.

Wata rana na tambaya, "Iya, zurfin nawa ta yi?"

"Ta wuce inda ruwa ke hargitsewa, amma ba ta bar inda hasken rana ke kaiwa ba. Ci gyaɗarka."

Na girma na shiga wasan ninƙaya. Ina da ƙarfin hannu, amma kullum ni ne na baya idan an taso daga tsallen farko. Ana saura mako a zaɓi masu wakiltar jiha, kocinmu Mista Okoro, mutumin Sabon Gari, ya tsuguna a bakin ruwa ya ce, "Bukar, rijiya kake haƙawa? Gaba ake zuwa, ba ƙasa ba. In ka sake nutsewa haka, wani zan ɗauka."

Na fito ina haki, sai na gane babban ɗan mai fito nake kwaikwayo. Na rage tashi sama, na tura jikina gaba, na ɗan ɗaga yatsuna da zarar ƙuguna ya shiga ruwa. Ranar zaɓe aka busa usur, na taso kafaɗa da kafaɗa da na gaba. Aka ɗauke ni.

Da ina yaro na ɗauka labarin na auta ne da ta kunyata yayyenta. Yanzu da nake koya wa yara, na san dukkansu ukun sun iya ruwa, shigar ce ta raba su. Shi ya sa ba na barin yaro ya hau dandamalin tsalle sai ya san zurfin da ke gabansa. Wanda ya zo da zumuɗi nakan sa ya rage tashi sama, mai tsoro kuma na tsaya a cikin ruwan, na buɗe hannu, na ce, "Nan za ka huda. Taho."