Tulun Alkamar Kaka Tabawa

Shekara talatin da huɗu ke nan da aka fita da Kaka Tabawa daga gidanmu na Gumel zuwa makwancinta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan soya funkaso in raba sadaka, in yi mata addu'a, in ja bakina. Bana na kasa yin shiru. Raina a ɓace yake, kuma da 'yan gidanmu nake.

Wanda bai san alkamar Kaka ba zai ce me aka yi aka yi alkama. Ƙanana ce, ja, mai tauri, sai ta sha surfe kafin ta saki dusa. Amma idan aka ɓarza ta a dutse, aka kwaɓa da tsami ta kwana, ƙamshin alkakin har zaure yake korar hira. Dashishinta kuwa man shanu kaɗan ya ishe shi. Kaka takan ce raƙuman Buzaye ne suka kawo irin ta hanyar Maigatari tun ba a haife ta ba, mahaifinta ya raya shi a 'yar garkarsa ta bakin tafki, yana ban ruwa da jigo.

Tana 'yar yarinya, ba a daɗe da zuwan Turawa ba, aka yi yunwar nan da tsofaffi ba sa son ambato. Ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone a tsaye. Mutane suka koma tonon gidan tururuwa da sussukar ƙarangiya. A lokacin akwai tulu guda na irin alkama a gidansu. Mahaifiyarta ta liƙe bakinsa da yumɓu, ta binne a ƙarƙashin gadonta, ta hana kowa. Ƙanin Kaka, Audu, yana kuka har muryarsa ta dishe. Maigida ya ce a tono a dafa. Uwar ta ce masa, "Malam, in mun ci yau, jibi ma za mu ji yunwa, kuma baɗi ba mu da abin zubawa a ƙasa." Audu bai ga ƙarshen shekarar ba. Da tafki ya sake cika, sanyi ya shigo, aka tono tulun aka shuka, ta fito.

Kaka ba ta taɓa ba ni wannan labari idonta a bushe ba. Ba ta ce uwarta ta yi daidai ba, ba ta ce ta yi kuskure ba. Abin da take cewa shi ne, "Ƙawata, alkamar nan da rai aka saye ta."

Shi ya sa take da doka biyu. Ana girbi za ta ware iri, ta gauraya da toka, ta zuba a wannan tulu, amma ba ya wuce sanyi mai zuwa sai an fasa liƙin an mayar da shi ƙasa. Sannan duk amaryar da aka yi wa alkakin gara a unguwarmu, sai ta ƙulle mata danƙi guda a gefen zane, ta ce, "Ba na ci ba ne, ba na ajiya ba ne. A shuka."

Bayan rasuwarta, Yaya Sale, babban wanmu wanda riƙon gida ya dawo hannunsa, ya saka tulun a ɗakinta ya danna kwaɗo. Ya ce albarkar Kaka ce, ba a taɓawa. Sanyi ya zo, na je na durƙusa na roƙe shi. Ya ce, "Ke Binta, kin cika ci da zuci. Ajiya maganin wata rana." Na ce, "Yaya, iri ba kwalla ba ne da za a jera a yi ta kallo." Ya yi dariya ya ce boko ne ke damuna. Na koma baɗi, na koma baɗin baɗaɗa, har aure ya nisanta ni. Maƙwabta suka zo neman danƙi, ya ce kayan gado ba ya fita waje. Garkar ma daga baya ya bayar aka zagaye ta, yau manyan motoci ke kwana a inda jigo yake.

Bana rufin ɗakin ya rufta, dole aka buɗe. Na fasa liƙin da hannuna. Rabin alkamar ƙwari sun mayar gari, rabin da ya rage na tsince, na jiƙa, na zuba a kasko ina ba shi ruwa safe da yamma ina salati. Ko tsiro ɗaya. Yunwa ba ta kashe irin nan ba, fari bai kashe shi ba, sai girmamawarmu. Wannan ne ke ci mini rai. Yaro ya mutu domin alkamar nan ta rayu, mu kuma da cikinmu a ƙoshe muka shaƙe ta a duhu muna kiran hakan biyayya.

Da Kaka za ta leƙo yau ta ga jikokinta suna kwaɓa funkaso da farar fulawar buhu wadda ba ta da ƙamshi ba ta da riƙon ciki, na san tsaki kawai za ta ja. Amma da ta ga kwaɗon nan, wallahi ba na jin za ta amsa gaisuwar Yaya.

Watan jiya na je biki wani ƙauye kusa da Gagarawa. Aka miƙo alkaki, na gutsura, sai hawaye. Na nemi wadda ta yi, aka nuna mini wata dattijuwa, Gwaggo Ladi. Na ce, "Gwaggo, ina kika samo alkamar nan?" Ta ce, "'Yar Tabawa ce mana. Mu nan haka muke kiranta. Wata tsohuwa ce a Gumel ta ƙulle mini a zane ranar da za a kawo ni." Na ce ni jikarta ce. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To ke da rijiyar ke gidanku, me ya kawo ki roƙon ruwa?" Ta shiga ta ɗebo mini danƙi, ta ƙulle a gefen mayafina, ta maimaita mini kalmomin Kaka ba ragi.

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Abin da muka kulle da sunanta ya zama gari, abin da ta bayar yana can yana amsa sunanta a bakin mutanen da ba su san fuskarta ba. Na yi 'yan fangali a bayan madafina na shuka alkamar, har ta fara kore. Idan Allah Ya kai mu girbi, zan kai wa Yaya Sale danƙinsa, don Kaka ba ta taɓa hana kowa ba. Amma tulun yana wurina, kuma ɗakin da na ajiye shi ba shi da ƙyaure balle kwaɗo.