Mai Niƙa Daga Masar

Maigidana ya dawo daga yaƙin Turawa da bargo, da tari, da wata 'yar mace ta itace. Sojan ɗaukar kaya ya yi a Masar. Ni 'yar Rabah ce, ban jima da tarewa a Wurno ba aka tafi da shi, don haka da ya fara kwance ƙullin tsumma a ɗakina na ɗauka turare ne ko zobe.

Tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Durƙushe take gaban dutsen niƙa. Itace ne a ciki, an shafe shi da wani abu kamar farar ƙasa da aka dama da ƙaro, sannan aka bi shi da launi: jiki ruwan ɗorawa, gashi baƙi, ido ya sha kwalli. A gwiwar hannu shafen ya ɗan ɓare, ana ganin itacen. Ya ce mutanen dā na can suna binne irinta tare da mamaci don ta riƙa yi masa niƙa, shi kuwa a hannun mai talla ya same ta.

"Ke ta," in ji shi. "Dubi yadda tad ɗaure huska. In kewa tad dame ni, ita nika kallo."

Na ce Allah ya sawwaƙe in yi kama da gunki. Amma ban jefar ba. Na ɓoye ta cikin ƙwarya a ƙasan jere, in ba kowa sai in ɗauko. Gaskiyarsa, har turo bakin nawa ne.

Uwar mijina ce ta gano ta, tana neman daddawa. Tsohuwa ce da ziyarar hubbare, kabarin waliyyi, ba ta wuce ta ran Juma'a, ga kuma maƙwabta biyu zaune a tsakar gida suna yanka albasa. Ta fito da ita riƙe da yatsa biyu.

"Mi na wanga? Gunki cikin gidana, a garin ga?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baƙuwa ce ni, in aka ce 'yar Rabah ta zo da tsafi, ba mai wanke ni.

"Ɗiyat tsana ta, Inna," na ce. "Ta yara ta."

Don a yarda, na miƙa wa 'yan matan maƙwabta, har da dariya. Su kuwa wasan biki suke, suka samu amarya. Amarya kuma dole a yi mata wanka. Ina tuƙa tuwo ina jin guɗarsu a bayan ɗaki, da ƙarar soso. Na san abin da ruwa ke yi wa farar ƙasa, kuma ban tashi ba.

Da maigidana ya dawo daga fadama, a bakin kwata ya tsince ta. Ba ido, ba baki, ba gashi, sai baƙin itace mai tsaga da ɗan fari a lungun wuya.

"Wa yab ba yara?"

"Ni ta."

Ya goge ta da bakin rigarsa, ya sa aljihu, ya nemi buta. Da faɗa ya yi da na ji sauƙi, don ni ma ina da baki.

Mun yi shekaru masu yawa tare, bai taɓa tayar da zancen ba. Sai dai bai ƙara tsokanata da ɗaure fuska ba, ko a ranakun da na ɗaure da gangan ina jira.