Waƙar Dole a Kicin ɗin Khalida

Duk wanda ya zauna a unguwar Hindawiyya ta Makka ya san muryar Kabira kafin ya san fuskarta. Matar nan ba ta iya taɓa tsintsiya bakinta a rufe. Tun tana yarinya a Gumel take haka. Maƙwabtansu ne masu talabijin, a nan ta haddace waƙoƙin tsofaffin finafinan Indiya, irin waɗanda dangi kaf, har kaka, za su miƙe suna rawa a gidan biki. Ko kalma ɗaya ba ta ji, sai ta riƙe karin ta zuba masa Hausarta. In waƙa ta ƙare mata ta koma fito, duk da yadda uwarta ta sha make mata baki, wai mace ba ta fito, aljanu take kira. Akwai waƙa guda ɗaya da ta fi so, ta rakiyar amarya, wadda mijinta Hafizu kan ce ta ƙara masa in tana wanke-wanke.

Tare suka zo aikin Hajji, Allah ya karɓi abinsa a Mina, ita kuma ta ƙi komawa. Ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba dangi, sai ƙarfin hannu. Ta yi wanki a masaukin alhazai, ta sayar da hatsin tattabaru a bakin hanya, ta yi gudun 'yan sanda har silifas ya tsinke. Takan ce ƙasar nan ta karɓe mata komai banda waƙarta.

Sai ta faɗa aikatau a unguwar Jarwal, gidan wata Khalida, matar Talal mai shagon turare. Ranar farko Kabira ta gane ta. Ai 'yar Minnatu ce, mai waina a bakin lungunsu na Hindawiyya! Ta buɗe baki za ta yi mata sannu da Hausa, Khalida ta watsa mata wani kallo, ta ce da Larabci ita ba ta jin wannan yaren. Oho! Ashe haka ta shaida wa dangin miji, wai kakanninta tun zamanin da suke Makka, ba ta haɗa komai da Takari 'yan ƙasar Hausa ba. Kabira ta haɗiye, ta ce, "To, Madam." Kabira ta girme ta nesa ba kusa ba, amma Madam ɗin nan dole ce.

Da farko hana ta waƙa aka yi, wai gidan nan ba kasuwa ba ne. Kabira ta yi shiru kamar an ɗaure mata wuya. Ba a jima ba shirun ya fara damun Khalida. Tana kwance a falo ba ta san abin da ake yi a kicin ba. Ta buɗe tukunya ta ga kamar naman ya ragu, ta leƙa kwalin dabino ta ga kamar an taɓa. Wallahi Kabira ba ta taɓa ɗaukar ko tsoka ba, amma wa zai gaya wa mai zargi?

"Daga yau," in ji Khalida, "muddin kina kicin ina so in ji muryarki. In kina waƙa na san ba tauna kike ba."

Kabira ta tsaya da ludayi a hannu. Ta sha zagi a gidajen mutane, har mari ta sha, amma ba a taɓa yi mata cin mutunci irin wannan ba. Abin da ya rage mata nata na kanta, shi aka mayar ƙararrawar wuyan akuya. Da ta ɗan tsaya shan ruwa sai ta ji daga falo, "Ya Kabira! Yalla!" Ta riƙa yi, har maƙogwaro ya yi zafi. Ta tsani matar nan, ta fara tsanar muryar kanta ma, wannan ne ya fi ba ta tsoro.

Wata Juma'a uwar Talal ta zo cin abincin rana da 'yan'uwanta mata. Kabira na jera farantan shinkafar kabsa ta jiyo Khalida tana ba su labarin dabararta, suna ta ƙyaƙyata dariya. Tsohuwar ta ce a ɗaga murya su ma su ji.

Kabira ta san abin da zai biyo baya. Waya ɗaya Khalida za ta buga a zo a kwashe ta zuwa tarhil, inda ake tara marasa takarda kafin a kora su gida. Ta sani sarai. Ta goge hannu, ta tsaya a bakin ƙofar kicin, ta ɗauko karin rakiyar amaryar nan, ta zuba masa sabuwar Hausa:

"'Yar Minnatu mai waina, sannu da hawa kujera,
Uwarki ta soya a titi, hayaƙi ya ci idonta,
Ta cika a ɗakin haya, kunya ta hana ki leƙa,
Yau ni ce ɓarauniyar nama."

Karin da daɗi, baƙi suka kama tafi. Uwar Talal ta juya ta tambayi surukarta me waƙar ke cewa. Khalida ta yi murmushin yaƙe, ta ce ina za ta sani? Ta ɗauki kofin gahawa ta kai baki. Tsohuwar ta ce a maimaita. Kabira ta maimaita, a hankali, tana jan sunan Minnatu yadda ko kurma zai kama shi.

A karo na uku Khalida ta yi jifa da kofin, ya fashe a jikin bango.

"Uwarki ce mai waina, tsinanniya, matsiyaciya! Wa ya gaya miki ban je ba? Da niƙabi na je, na tsaya daga nesa!"

Hausa ce tsantsa, ta cikin lungu, ko gargada babu. Uwar Talal ta ajiye dabinon da ke hannunta, tana kallon surukarta daga sama har ƙasa.

"Ashe kina ji, 'yar nan," in ji Kabira. Ta zari abayarta a bayan ƙofa ta sauka.

Ba ta jira ta ga ko za a buga wayar ba. Kafin la'asar ta ɗaure kayanta, ta bar ɗakin da ta tsufa a cikinsa, ta koma wajen wata ƙawarta Saudatu a can bayan gari. Tana nan har yanzu, tana wankau, kuma masu shanya a saman bene suna jin fitonta tun da safe. Ba ta yi nadama ba, in aka tambaye ta ma ƙara wa Khalida zagi take.

Amma ta rakiyar amaryar nan ba ta sake yinta ba. Ta gwada sau da yawa a kan bahon wanki. Da ta ɗauko karin, maimakon Hafizu ya faɗo mata a rai, sai ta ga fuskar Khalida, dole ta saki ta kama wata.